Wayar da Ɓera Ya Ci

Ranar da na fita takaba, ƙanin maigidana ya zo da shawara: a sayar da motar bas ɗin marigayi. Wai mace ba za ta iya da wahalar tsohuwar mota ba. Na ce masa na ji, a raina kuwa na ce ba ka san ni ba. Da ita maigidana yake kai ƙwan kajinmu daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari, kuma ban ga ranar rabuwa da ita ba.

Sai dai motar kamar ta haɗa baki da ƙanin nan. Ina tayar da ita wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. In na taka totur sai nishi, ba gudu, ga shan mai. Bakaniken unguwarmu ya canza fulogi, ya wanke tanki, ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Na fara tsoron kada maganar mutumin nan ta tabbata, abin da ya fi komai ba ni haushi.

A Sabon Gari aka nuna mini wani dattijo mai duba mota da kwamfuta. Ya jona na'urarsa, ya ce tana nuna nok sensa. Wai wani ɗan ƙarfe ne a jikin inji mai sauraron bugun da bai dace ba. In saƙonsa ya yanke, sai motar ta rage ƙarfinta don kare injin. Na ce to a canza mana, ina da ƙwai a gida suna jiran kasuwa. Ya ce in yi haƙuri, kwamfuta inda ke ciwo take nunawa, ba ta faɗin abin da ya jawo shi.

Ya ɗaga kujerar gaba, ya haska tocila, ya bi wayar da yatsa. Can ya zaro hannu cike da tsumma da ɓawon gyaɗa. Ɓera ne ya yi gida a kan injin, ya cinye wayar. Gyaɗar kam na gane ta. Maigidana ba ya tuƙi sai da ƙullinta a gefe.

"Hajiya, motar nan ta daɗe a ajiye. Wata nawa?"

"Huɗu da kwana goma."

Ya ɗago ya dube ni. "Allah ya jiƙansa da rahama."

Ya koma kan aikinsa. Ya haɗa wayar, ya naɗe ta, ya ƙwanƙwasa jikin injin da sifana yana duban na'urarsa. Da na sake tayarwa, fitilar ta mutu.

A hanyar komawa motar ta yi ta cin titi kamar da. Na yi murna ƙwarai, har ina tsara yadda zan ba da labarin ɓeran, don na san wanda zai yi dariya har da hawaye. A ƙofar gida na danna hon sau biyu yadda maigidana yake yi, na zauna ina jira. Sai na tuna ni ce mai buɗe masa. Na sauka na buɗe get ɗin da kaina.