Kunyar Suruki a Gaban Baturen Gona

Ni 'yar manoman albasa ce daga Taloka, aure ya kai ni ruga. Mijina makiyayi ne, kuma Allah Ya hore masa murya. In ya kira saniya daga bakin gulbi, har awakin ƙauye sai sun ɗago kai. In ya ce in miƙo masa ruwa, maƙwabta kan ɗauka faɗa muke yi.

A zamanin Turawa ne manoma suka fara matsowa da albasa cikin burtali, hanyar da shanunmu ke bi su sha ruwa da rani. In aka toshe ta, sai an zagaya can wajen Wurno, tafiyar da ke ramar da saniya kafin ta ga ruwa. Ana cikin wannan rigima labari ya zo cewa Baturen gona zai sauka a Goronyo. Wai gwamnati na son jin bakin makiyaya da na manoma kafin ta yanke wanda zai riƙe wurin, kowane ɓangare ya kawo mutum ɗaya.

Makiyaya tun daga Rabah suka taru suka zaɓi mijina, don muryar nan kawai. Bawan Allah ya daina barina in huta. Kullum yana tsakiyar garke yana gwada jawabi, yana nuna shanu da sanda: "Ranka shi daɗe, mu ba mu cin albasarsu, su ko suna shan nononmu!" Ƙarya yake, ya fi kowa son albasa a miya. Ya kuma aro wani rawani da ya fi ƙarfin kansa.

Ranar taro na ɗauki ƙwaryar nono na bi shi, na laɓe bayan zana ina leƙe. Ga Bature a kujera, ga hakimi, ga tafinta. Mijina ya shigo yana taku kamar shi ya kafa garin. Tafinta ya kira wakilin manoma, wani tsoho ya miƙe yana gyara hula. Babana ne.

A wajenmu suruki ba abin wasa ba ne. Ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, balle a ɗaga masa murya. Nan take mijina ya tuɓe takalma ya tsuguna. Rawani ya zamo ya rufe masa ido, bai ko gyara ba.

Tafinta ya ce, "Wakilin makiyaya, mi kaka so a hwaɗa ma Bature?"

Mijina ya amsa da wata 'yar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba: "Duk abin da Baba yac ce."

Tafinta ya juya. "To Baba, mi kac ce?"

Babana, wanda manoma suka zaɓa don ya iya zagin jaki har jakin ya sunkuyar da kai, ya ƙura wa ƙasa ido. "Yaron ga shi ka riƙon ɗiyata. Shi hwara."

Haka suka yi ta miƙa wa juna. Makiyaya na tari a baya, wani ya zunguri mijina da sanda, ko gezau. Haushi ya turnuƙe ni, na ƙwalla daga bayan zana, "Burtali! Ku ce burtali!" Dogari ya zagayo ya ce ba a kira mata ba, ya kuma shanye min nono.

Bature ya share gumi ya yi murmushi. Tafinta ya ce wai Bature bai taɓa ganin zaman lafiya irin wannan ba, kuma tunda babu mai bukatar wurin, gwamnati za ta yi gonar gwajin auduga a nan. Mijina da babana suka haɗa baki suka ce, "Madalla."

Da rani aka kewaye wurin da ƙaya, ba albasa, ba hanyar shanu. Muka koma zagaye. Saniyar sadakina, wadda tsufa ya fara kamawa, ta durƙushe a hanya ba ta kai ruwa ba, aka yi maza aka yanka ta. Na yi kuka har idona ya kumbura. Mijina ya jira na tsagaita, ya zaɓi cinya mafi kyau, ya ɗora min a ka, ya ce in kai wa Baba, in ce yana gaisuwa.