Matar da Ke Tambayar Tsawon Mai Sayen Keke

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina cikin ɗaure keke a kwali, Harm ya bugo mini waya ya ce matarsa, Renske Postma, ta cika da safe a asibiti a garin Groningen. Na saki abin da ke hannuna na zauna a ƙasa. Baƙin ciki ya zo, amma kunya ta riga shi isowa.

Renske, shekara tara kika yi a shagona na sayar da kekuna ta intanet, kina tantance masu saye kafin kaya su fita. Kina da wata ɗabi'a da ta sha ba ni haushi. Duk wanda ya biya da katin banki, in adireshin katin daban ne da inda za a kai keken, sai kin kira shi kin tambayi tsawonsa. Kin ce mai saye na gaskiya zai faɗa, har ya ƙara da labarin ciwon gwiwarsa, shi kuwa mai katin sata bai damu ko keken ya yi masa ba, tunda sayarwa zai yi. Da tambayar nan kika gano katin wata tsohuwa a hannun ɓarayi, kika nemo lambarta, kika zauna da ita a waya kina kwantar mata da hankali har kofinki ya huce.

Ni kuwa gaggawa ta cinye ni. Bara, gab da Disamba, na sayi manhajar da aka ce tana gane ɓarawo cikin ƙiftawar ido, na ce miki a gaban ma'aikata, "Baiwar Allah, nan fa ba shagon tela ba ne, ki daina auna mutane." Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Kika ce, "To, Douwe, shagonka ne." Bayan mako biyu na sallame ki ta wasiƙa, don ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Da hannuna na sassauta wa manhajar bincikenta don kada ta rage mini ciniki. Kekuna goma sha huɗu suka tafi wani gidan haya da babu kowa a ciki, masu katunan suka kai ƙara, banki ya mayar musu da kuɗinsu daga asusun shagona, saura ƙiris shagon ya rufe. Sau uku ina taka keke har bakin layinku in ba ki haƙuri, sau uku ina juyawa. Da na ji kina kwance, na ce bari sanyi ya wuce tukuna.

Bayan an binne ki, ana shan kofi, Harm ya miƙo mini takarda. Ya ce, "Ta ce a ba ka. Wai taurin kanka ya fi na jaki, ba za ka taɓa tambaya ba." Tambayoyin da kike yi wa masu saye ne guda goma sha biyu, da rubutun hannu mai rawa. A ƙasa kin ƙara da cewa in mayar da manhajar yadda take kafin in sassauta ta, kuma in daina tsallake abincin rana.

Jiya na kira wani mai saye na tambayi tsawonsa, kamar yadda kike yi.

Allah ya jiƙan ki, Renske, ya yi miki rahama, ya saka miki da alherin da ni na kasa saka miki. Harm, kai da 'yarku Lieke, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Gafarar da na je nema sau uku ban ƙwanƙwasa ƙofa ba, yau ina roƙon ta a wurinku.