Hannun Kawu a Wuya

Jiya ina shafa man riɗi bayan wanka, yatsuna suka ci karo da wani ƙullutu a wuyana, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Kawu yayan mahaifiyata ne, likita mai bincike a Khartum. Ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda jiki zai yaƙi ciwon daji da kansa. Yakan ce jiki yana da askarawansa, ciwon ne ke sa su barci, shi kuwa aikinsa ya tashe su. In ya zo gidanmu a Gadarif, gaisuwarsa daban ce. Zai dafa kafaɗarka kamar kowa, sannan yatsunsa masu sanyi su zarce ƙarƙashin muƙamuƙinka. Mu yara dariya muke yi.

Wata shekara, ana yankan riɗi a gonakin Simsim, ya iske Inna tana suyar gahawa, ƙamshin citta ya cika tsakar gida. Ya dafa ta, hannunsa ya daɗe a wuyanta.

"Wurin nan yana yi miki ciwo?"

"Wallahi ko kaɗan, Yaya. Kaluluwa ce kawai."

"Da ma a ce tana ciwo, da ya fi," in ji shi.

Gahawarsa ta huce bai kurɓa ba. Inna ba ta kai wani yankan riɗin ba.

Yau da safe na sake dannawa. Tawa ma ba ta ciwo.

Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya jiƙan Inna. Askarawan nan da ya ce suna barci, ya Rabbi, Ka tashe su a jikina.