Matar da Ke Jan Benci Zuwa Inuwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin likita ya iso asibitin masu taɓin hankali, Iya mai shara ta share baranda ta goge. Sannan ta kama aikin da ba wanda ya sa ta: jan bencin masu jira daga rana zuwa inuwa. Rana ta matso, ta sake ja. Ma'aikata har tsokanarta suke, wai ita da bencin nan kamar kaka da jika. Ƙarshen watan nan za ta ajiye tsintsiya.

Akwai wani tela da har yau in an ambaci Iya sai ya sunkuyar da kai. Ƙanwarsa ce ke karɓar magani a can. Hankalinta ya fara dawowa, sai fuska da wuya da bayan hannu suka yi baƙi ƙirin, ga ƙuraje, ga saɓa. A gida aka ware mata kofi da kwano, wai kar a ɗauka. Tela ya ƙudura ranar komawa asibiti zai mayar musu da ƙwayoyinsu, ta daina sha, kome zai faru ya faru.

Suna zaune suna jira, Iya ta zo ta kama hannun ƙanwar.

"Ke mai shara, cika ta!" ya daka mata tsawa a bainar jama'a. "Ina ruwanki? Ba ku kuka lalata mata jiki ba?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta naɗe hannun rigar ƙanwar, sai ga fata sumul.

"Ɗana, duba. Inda riga ta rufe lafiya lau. Maganin nan ba ya shiri da rana. A ina take wuni?"

Ƙanwar ce ta amsa, ko fushi babu a muryarta: "A bayan shagon Yaya. Ya ce kar masu kawo ɗinki su gan ni."

Bayan shagon nan kuwa ko bishiya ɗaya babu. Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Iya ba ta tanka wannan ba. "Kar ka tsayar da magani da kanka, ciwon zai dawo. Tashi ku nuna wa likita." Likita ya canja ƙwaya, a hankali fata ta washe.

Iya, ke ce kika ga abin da mu masu ido muka tsallake. An ci mutuncinki, kika rufa wa mai zagin asiri. Mu da muke wuce ki ko sannu babu, wallahi mun ji kunya. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Jama'a, ita rana ba za ta ajiye aiki ba, sai wani cikinmu ya kama bencin.

Makon jiya tela ya kai mata riga, ya tsaya yana ta inda-inda, haƙurin ya ƙi fitowa.

"A ina take wuni yanzu?" in ji Iya.

"A cikin shago, Iya, kusa da kekena. Ita ke sa maɓalli."

"To ai ka gama ba ni haƙuri."