Ranar Da Na Sayar Da Karatun Ƙanwata

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina da shagon kayan gwanjo a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé, na yi wani ciniki da har yau 'yan gidanmu ba su daina yi mini tsiya a kai ba.

Ƙanwata ce 'yar bokon gidan, tana karatun haɗa magunguna a jami'a. Wata Litinin ta shigo shagona rungume da wani abu da ta ƙera da wayar ƙarfe da ƙananan ƙwallayen roba, reshe bisa reshe, kamar bishiyar da ba ta da gindi. Ta faɗi sunansa da Faransanci, ni kuwa na ji kamar ta ce "ɗan direba". Ta ƙara wasu maganganu, amma ina kan waya da wani mai kawo mini tsofaffin fankoki, don haka kai kawai na riƙa gyaɗawa. Da ma ta saba kawo mini tarkacen da ta gaji da su in sayar. Na ɗora shi tsakanin rediyo da dutsen guga.

Washegari wata mata, irin waɗanda muke kira Tanti, mai sayar da 'yan kunne a unguwar Treichville, ta tsaya ta ƙura masa ido. Na ce mata daga Dubai ya zo, guda ɗaya ya rage. Allah Ya yafe mini. Ta saya, na raka ta da godiya.

Ranar Laraba ƙanwata ta dawo ɗaukar kayanta. Ashe ajiya ta ba ni, saboda 'ya'yana sun fara cire ƙwallayen a gida, kuma ranar Juma'a za ta kare kundinta gaban malamai da shi. Sati uku ta yi tana haɗa shi. Da na gaya mata yadda aka yi, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna kan wani tsohon firji ta ce, "Yaya, Dubai kuma?"

Na rufe shago na tsallaka gada zuwa Treichville. Abin da na tuna kawai shi ne Tantin ta ambaci wajen tashar mota ta Gare de Bassam. Na yi ta bin masu teburi ina tambayar matar da ta sayi bishiyar waya, har wani ya nuna mini mai maganin gargajiya. Sai bayan la'asar na same ta a wani lungu na Belleville. Ga abin nan bisa teburinta, kowane kan reshe da ɗan kunne, 'yan mata sun yi layi.

Ta ce ba ta mayarwa, tun da ta kafa teburin ba ta taɓa ciniki kamar na kwana biyun nan ba. Na shiga bayani da gurgun Faransancina haɗe da Julanci, na ce maganin ciwon daji ne, kamar yadda na tsinta a bakin ƙanwata. Ta dubi wayar ƙarfen, ta dube ni, ta ce jiya Dubai, yau asibiti, gobe kuma Makka zan ce. Dole na kira ƙanwata.

Da ta iso ta gaishe ta da ladabi, sannan ta yi bayani a hankali. Ta ce wannan siffa ce kawai da aka faɗaɗa, ainihin abin ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. Ana ƙera shi da rassa masu yawa don a cusa magani a ramukan da ke tsakaninsu, ko a maƙala a kawunansu, har da guntun saƙon ƙwayoyin halitta na gado da zai hana ƙwayar ciwon hayayyafa. Wasu kawunan kuma a sa musu alamar da za ta gane ƙwayar mai ciwo, don maganin ya sauka inda ake so, ya rage ɓarna a sauran jiki. Ta taɓa ɗan kunne ɗaya ta ce, "Tanti, yadda kika rataye waɗannan, haka muke son mu rataye magani."

 Sai Tantin ta ce yayarta na karɓar maganin wannan ciwon a asibiti, gashinta duk ya zube, ko ruwa ta sha sai ta amayar. Ta tambaya a wane kanti ake samun wannan ɗin.

Ni da na saba da baki, har na buɗe shi. Ƙanwata ta riga ni. Ta ce, "Yako, sannu, Tanti. Ba a sayar da shi tukuna, yawanci yana ɗakin gwaji. Kada ta fasa zuwa asibiti ko sau ɗaya."

Tanti ta ba mu shi aro, da 'yan kunnen a jiki, bisa sharaɗin a dawo mata da shi ranar Asabar. Ni na riƙe shi a cikin tasin woro-woro, yana ta kacau-kacau, direba na tambaya ko biki za mu. Ranar Juma'a da 'yan kunnen ƙanwata ta yi bayaninta, malaman suka yaba da dabarar. Tanti na layin gaba da sabon ɗauri, ni ina can baya kusa da ƙofa. A shafin godiya na kundin an rubuta cewa ana gode wa Yaya, wanda ya kai binciken har Treichville.

Na daɗe ina ba da labarin nan don dariya. Amma da na ƙara shekaru, abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin da na buɗe baki a gaban matar nan. Na san me zan ce: in sha Allahu an kusa, za mu samo mata. Ƙarya ce mai daɗin ji, irin wadda nake yi kullum ba tare da na ji komai ba. Ƙanwata ta gaya mata gaskiya mara daɗi, kuma daga ranar duk lokacin da yayar za ta ga likita, ƙanwar tawa Tanti ke kira ta raka su.