Gyaran da Inna ta nema wa Hadiza

Inna ta ajiye waken da take tsincewa, ta ce in sake karanta mata takardar sakamakon 'yata Hadiza.

Na ce, "Tara da ɗigo takwas ta samu bisa ashirin. Sai da goma ake wucewa aji na gaba. Lissafi ne ya ja ta ƙasa, don makinsa ninka shi ake yi."

Hadiza na rakuɓe jikin rumbu, ta ƙi kallonmu.

Inna ta ce, "Wannan ɗan ƙiris ɗin zai cinye mata shekara? Tun zamanin kakata, kafin zuwan Nasara, ba a awo a kasuwar Bande babu gyara. Su mutanen lakwal, malaman boko, ba su san gyara ba?"

Na yi dariya, amma ashe ta fi ni sani. Da malamai suka zauna, sai suka ɗaga duk wanda ya kai tara da rabi, in halinsa na da kyau. Hadiza ta wuce.

Inna ta jawo ta jikinta, ta ce, "Takwara, gyara alheri ne, ba hakki ba. Baɗi ki cika tiyarki da kanki."

Ku fa, wa aka taɓa yi wa irin wannan gyaran?