Baba Sule Hatherwick da Kakanninsa

Masu gadi biyu na tahowa, bizata ta mutu da kwana tara, ga Baba Sule ya riƙe igiyar katin da ke wuyan wani Bature ya ƙi saki. A baje kolin Liuhua ne a Guangzhou, shekarar Olamfik, lokacin da ake tsintar marasa takarda kamar tsakuwa a shinkafa.

Na ce, "Baba, sake shi don Allah, za ka sa a mayar da ni Kano."

Ya ce, "Tsaya, ban gama karantawa ba."

Ta ƙofar masu shara na tsere. Da ya same ni a tasha, wai ni na kunyata shi a gaban dangi.

Ku da kuka san shi kun san ciwonsa. Bahaushen zangon Kumasi ne, amma fasfonsa Suleman Hatherwick. Kakan kakansa ya bar musu suna, bai bar musu bayani ba. 'Yarsa Rabi ta tambaye shi asalinsa tun tana firamare, ya rasa amsa. Shi ya sa shekara goma yana sarin takalma a Guangzhou, duk Baturen da ya gifta sai ya duba sunansa.

Kafin amsa ta samu, shi yake ƙera tasa. Ran Litinin kakan nan kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Ran Juma'a, in mun fito daga masallacin Huaisheng, ya musulunta har ya yi limanci. Na taɓa tuna masa cewa ran Litinin kyaftin ya ce, ya ce, "Kai da ka gudu daga aji uku za ka koya min tarihi?"

Katin sunansa ma, zai miƙo maka ka karanta, ya karɓe abinsa.

Rannan wata tsohuwar Baturiya mai sayen labule ta ce ai Hatherwick sunan wuri ne, ta san wajen. Ƙauye ne a arewacin Ingila, gida bai fi biyar ba, duk makiyayan tumaki. Na zaci zai ji haushi, kyaftin ya tashi a banza. Sai ya ce, "Ashe mu Fulani ne." Daga ranar ya fara kushe naman gidan abincinmu na unguwar Xiaobei, wai shi ɗan gado ne.

Ya hana ni faɗa wa kowa. Baki da baki zai gaya wa Rabi in ya je gida Sallah.

Bai kai Sallar ba. Bayan jana'iza na tura mata:

"Yaya Rabi, Baba ya samo amsarki. Makiyaya ne, masu tumaki, a wani ɗan ƙauye can arewacin Ingila. Ya ji daɗi ƙwarai, ya so ki ji daga bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri."